Na Bar Shi da Allah

A nan cikin Kaduna, a Unguwar Dosa, an taɓa yin wani mutum wanda ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da rai. A wurin aiki Cif ake ce masa, saboda shi ne babban akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Sunan ya bi shi gida, ya bi shi har coci. Mu ma bari mu kira shi haka.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci labarin ɓarawo ko mashayi zan ba ku. Cif bai taɓa kurɓar giya ba. Bai taɓa ɗaga ido ya dubi matar wani ba. Shekara ashirin da uku yana aikin gwamnati, babu wanda zai ɗaga hannu ya ce ya taɓa ba shi wani abu don a tura masa takarda gaba. Wani ɗan kwangila ya taɓa aiko masa da rago ana jibi Kirsimeti. Cif ya sa aka ja ragon nan a ƙasa, tsakar rana, aka kai shi ƙofar ofishin mutumin aka ɗaure.

Ƙarfe bakwai da rabi yana kan kujerarsa, da farar riga mai guga, takalmi yana sheƙi. Ran Lahadi kuwa yana bencin gaba, domin dattijon ikilisiya ne. Ranar jibin Ubangiji shi ke ɗaukar farantin gurasa yana zagayawa yana raba wa jama'a.

Mutumin kirki ne, kuma ya san shi mutumin kirki ne. Nan ɓarakar take. Yakan tara 'ya'yansa uku ya ce, "Da akwatin kwano ɗaya na shigo garin nan. Ban gina bene ba, ban sayi mota ba. Suna na tara, kuma babu ɗigon datti a jikinsa." Gaskiya yake faɗa. Amma kullum yake faɗinta, har ta zame masa kamar abincin safe.

Matarsa Hannatu tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Ishaku. Cif ne ya ɗauko shi daga ƙauyensu can wajen Zonkwa. Shekara uku yana kwana a falonsu, har Cif ya samo masa aikin ƙaramin akawu a ma'aikatar da yake. Alheri ne babba. Sai dai Cif bai taɓa barin Ishaku ya manta da shi ba. A gaban baƙi sai ya nuna shi ya ce, "Wannan da kuke gani, ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa ko takalmi babu a ƙafarsa." Baƙi su yi dariya. Ishaku ma ya yi dariya, ya sunkuyar da kai.

Sau biyu ƙarin girma ya zo kan Ishaku, sau biyu Cif ya sa alƙalami ya soke sunansa, don kada a ce ya fifita ƙanin matarsa. Wata rana ɗan Ishaku ya kwana da zazzaɓi, Ishaku ya makara zuwa aiki da minti goma. Cif ya tsayar da shi a gaban masinjoji da masu buga tafireta, ya wanke shi tas. A ganin Cif, adalci ya yi. Bai taɓa tambayar kansa abin da ke taruwa a zuciyar yaron ba.

Sai shekarar 1975 ta zo. Manyanmu da ke nan sun tuna. Sabuwar gwamnatin soja ta shiga sharar ma'aikata, kullum ana karanta sunaye a rediyo: an sallami wane, an sallami wane, nan take. Da yawa sun cancanta. Amma duk mai jin haushin wani ya sami hanya, sai ya rubuta takardar ƙorafi ba sa hannu ya jefa.

Wata rana da yamma Cif yana cin tuwo, rediyo na kan tebur, sai ya ji sunansa, cikakke, da sunan ma'aikatarsa. Laifi: cin hanci.

Ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano. Ya wanke hannu, ya kashe rediyon. Hannatu ta ɗora hannu a ka tana kuka, ya ce mata, "Yi shiru, maƙwabta suna ji." Washegari ya sa farar rigarsa ya tafi ofis, ya miƙa makullai, ya fito kansa a sama. Da ya dawo ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ya 'yan uwa, an cuci mutumin nan. Ku riƙe wannan da kyau, domin ba zan rage komai daga ciki ba. An cuce shi cuta mai tsanani.

Kusan shekara biyu suka yi a cikin wannan hali. Hannatu ta kafa kasko a ƙofar gida tana suyar ƙosai, matar babban akawu guda, hayaƙi yana cin idonta. Babbar 'yarsu Ladidi, wadda ke koyon aikin jinya, saura kaɗan ta bar makaranta. Ikilisiya dai ba ta yarda da zargin ba, ta bar shi a kan dattijancinsa. Maƙwabcinsa Malam Rabe, Musulmi ne, ma'aikacin gwamnati shi ma, ya shigo har falo ya ce, "Cif, shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ta raba mu. Duk wanda ya ce ka ci hanci, ƙarya yake yi." Amma a kasuwa da bakin titi akwai masu nuna shi da baki, kuma yana ganinsu.

Ishaku fa? An ƙara masa girma. Ya sayi babur. Sai dai ya rage zuwa gidan, in ma ya zo ba ya iya cin abinci. Ya rame, ya yi baƙi. Aka ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Ana cikin makon Ista, bikin tashin Almasihu, na shekarar 1977, ran Asabar da la'asar, Cif yana zaune a baranda sai ga faston ikilisiyarsu, wani matashi, Ishaku na biye da shi. Ishaku ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa. Ya zo ya zube a kan siminti, gwiwa biyu.

Ya ce, "Yaya, ni ne. Ni na rubuta takardar nan. Ƙarya na shirya daga farko har ƙarshe. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Na riga na rubuta wa hukuma na faɗi gaskiya, na sa hannu da sunana. Na san aikina ya tafi, ya tafi ɗin. Ka yafe mini, Yaya, saboda Yesu."

Hannatu tana bakin ƙofar falo. Kwanon da ke hannunta ya faɗi.

Cif bai yi tsawa ba. Bai ɗaga hannu ba. Ya daɗe yana kallon ƙeyar mutumin da ya kwana shekara uku a falonsa. Wani abu mai zafi ya taso masa, amma a ƙarƙashin zafin akwai wani abu mai daɗi: ashe dai duniya za ta sani. Ashe ga shi a ƙasa, ni ina sama.

Ya ce, "Tashi ka tafi. Na bar ka da Allah."

Fasto ya ce, "Baba, gafara ya zo nema."

Cif ya ce, "Fasto, ka ji na zage shi? Ka ga na taɓa shi? Na ce na bar shi da Allah. Akwai hannun da ya fi wannan?"

Ya 'yan uwa, mu tsaya a kan maganar nan, domin da yawanmu mun taɓa faɗinta. A kunne kamar maganar mai tsoron Allah. Amma me mai faɗinta yake nufi? Sau da yawa abin da yake nufi shi ne: hannuna bai isa ya rama yadda nake so ba, bari in miƙa ka ga wanda dukansa ya fi nawa ciwo. Wannan gafara ce? Ƙara ce aka shigar, aka koma gefe ana jiran a ji hukunci.

Bayan 'yan watanni takarda ta fito daga hukuma. An wanke Cif, an mayar da korarsa ritaya cikin mutunci. Aka sallami Ishaku. Ikilisiya kuma ta sa shi ƙarƙashin horo, wata shida a bencin baya, ba ya cin jibi. Ya karɓa bai yi musu ba. Ya sayar da babur, ya kwashe iyalinsa suka koma ɗaki ɗaya a Kinkinau.

Ranar da Cif ya yi sujadar godiya, cocin ya cika har waje. Ya sa babbar riga fara mai aiki, zumuntar mata suna waƙa suna rakiyarsa zuwa gaba, tsofaffin abokan aikinsa suna layi suna miƙa masa hannu. Bai taɓa jin tsayinsa kamar na ranar ba. Ya sa takardar nan a gilashi ya rataye a falo. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwa sai an karanta masa ita. Ran Lahadi kuwa, daga bencin gaba, yakan ɗan waiwaya ya hango Ishaku can baya shi kaɗai, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Allah ya mayar masa da sunansa. Me ya rage kuma? Abu ɗaya ne, kuma a bakinsa yake.

Wata shida suka cika. Ikilisiya ta karɓi Ishaku, aka yi masa addu'a, ya dawo cikin jama'a. Ranar jibin Ubangiji ta zo. Cif ya ɗauki farantin gurasa yana bi benci benci. Ya iso inda Ishaku yake. Ishaku ya miƙo hannu biyu. Cif ya ɗaga farantin ya tsallake shi, ya miƙa wa na kusa da shi.

Hannun Ishaku ya tsaya a sama. Kowa ya gani.

Bayan sujada dattawa suka zauna da shi. Fasto ya yi magana a hankali. Ya ce, "Baba, teburin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Mai teburin ya mutu ne domin masu zunubi, da ni da kai da Ishaku. Ba mu ce abin da ya yi ƙarami ba ne. Ba mu ce ka sake ba shi amanar gidanka gobe ba. Cewa muka yi ka sake shi daga zuciyarka, yadda Almasihu ya sake ka."

Cif ya ce, "Ya sake ni daga me? Me na yi? Fasto, ina dattijo a ikilisiyar nan kana makarantar firamare. Yau ni za a jera da maƙaryaci a teburi ɗaya? To, ku zaɓa. Ko ni, ko shi."

Wani tsoho a cikin dattawan ya ce, "Ɗan'uwa, ba ma korar wanda ya tuba. Kai ma ba mu kore ka ba. Amma ka ajiye farantin nan tukuna, sai ka shirya da ɗan'uwanka."

Cif ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fita. Bai sake taka cocin ba.

A gida ya ci gaba da tara iyali addu'ar safe. Amma Hannatu ta lura ya daina yin addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Ya san abin da ke cikinta. Ya san akwai wurin da mutum ke roƙon a gafarta masa daidai da yadda shi ma yake gafarta wa masu yi masa laifi. Mutum ne mai gaskiya, ba zai faɗi abin da ba ya nufi ba. Maimakon ya gyara zuciyarsa ta dace da addu'ar, sai ya ajiye addu'ar.

Sannan ya kafa doka: kada wanda ya ambaci sunan Ishaku a gidansa, kada wanda ya taka Kinkinau.

Hannatu mace ce mai haƙuri, amma ranar ta yi magana. Ta ce, "Baban Ladidi, kana gani kai kaɗai ya cuta? Wa ya tsuguna gaban kasko shekara biyu? Wata uku na yi ban iya kallon fuskarsa ba, ƙanina da na goya a bayana. Amma na kai kukana wurin Yesu, na tuna nawa aka yafe mini, na yafe masa. Kai ma ka huta mana. Kuma tun da magana ta zo, bari in tambaye ka. Kai ka taɓa neman gafararsa?"

Cif ya zaro ido. "Ni? Gafarar me?"

"Ta dariyar da ka sa baƙi suka yi masa. Ta sunansa da ka soke sau biyu don a yabe ka. Ta ranar da ka tozarta shi ɗansa na kwance. Wannan bai ba shi hujjar abin da ya yi ba, ko kaɗan. Amma kai ma ba fari tas kake ba."

Babu wanda ya taɓa gaya masa irin wannan. Mako guda bai yi mata magana ba.

Da damina ta kama a shekarar 1978, Ishaku ya kwanta. Ciwon hanta ne. Idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Asibiti suka ce a mayar da shi gida. Hannatu ba ta yi ɓoyo ba. Ta dafa kunu ta zuba a langa, ta zo gaban mijinta ta durƙusa ta ce, "Ƙanina yana mutuwa. Zan je in yi jinyarsa."

Ya ce, "In kin fita ƙofar nan, kada ki dawo."

Ta ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa tsallake maganarka ba. Wannan kam ba zan iya ba." Ta ɗauki langarta ta fita.

Da ta dawo da yamma ta tarar da akwatinta a baranda, ƙofa a kulle. Ta ƙwanƙwasa har ta gaji. Yana ciki yana ji. A ransa yana cewa, gobe za ta zo ta ba da haƙuri, domin ita ce ta yi laifi. Ba ta zo ba. Ta koma Kinkinau, yaran biyu ƙanana suka bi uwarsu. Ladidi ta zo daga makaranta ta yi kuka a gabansa, ta ce, "Baba, kalma ɗaya ce fa." Ya ce mata in ta sake tayar da zancen ita ma ta nemi wani uban.

Ku duba, ya 'yan uwa. Ƙaryar Ishaku ta raba Cif da kujera ne kawai. Ba ta raba shi da ikilisiya ba, ba ta raba shi da matarsa ba, ba ta raba shi da 'ya'yansa ba. Wa ya raba shi da waɗannan?

Wata Alhamis da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, tasi ta tsaya a ƙofar gidan. Cif ya leƙa ta taga. Ya ga Hannatu ta fito daga gaba. A kujerar baya ga wani mutum an jingina shi da matashi, fata da ƙashi. Da ƙyar ya gane Ishaku ne. Shi ya roƙa a kawo shi, ya ce ba zai iya barin duniya da wannan kaya a zuciyarsa ba.

Hannatu ta zo jikin tagar ta ce, "Baban Ladidi, na san kana ciki. Ba zai iya saukowa ba. Taku goma ne tsakaninku. Ko hannu ka ɗaga masa daga nan."

Cif yana tsaye bayan labule. Ya ga Ishaku ya ɗago kai da ƙyar yana duban ƙofar. Ya tuna yaron da ya sauka daga jirgi ba takalmi, yana rarraba ido, yana riƙe da gefen rigarsa don kada ya ɓace a tasha. Zuciyarsa ta motsa. Hannunsa ya kai kan sakata.

Sai ya hango matan unguwa sun firfito suna kallo. Ya ce a ransa, yanzu in na buɗe, za a ce Cif ya sauko. Za a ce ashe dattawa ne ke da gaskiya, ashe matarsa ce ke da gaskiya.

Ya janye hannunsa. Tasin ta yi kusan rabin awa a tsaye, sannan ta juya.

Bayan kwana uku Ishaku ya rasu. Cif bai je jana'iza ba. Malam Rabe, wanda ba addininsu ɗaya ba, shi ya je ya yi wa Hannatu ta'aziyya. Da ya dawo ya tsaya a bakin katanga ya ce, "Cif, ban saba shiga maganar gidanka ba. Amma mu ma a wurinmu, wanda ya zo neman yafiya har ƙofa ba a mayar da shi haka. Ka je ka dawo da iyalinka." Daga ranar Cif ya daina amsa sallamarsa.

Ya zaci in Ishaku ya mutu zai ji sanyi. Bai ji ba. Mutumin ya tafi, fushin yana nan, kuma babu wanda za a sauke wa. Ya zauna shi kaɗai a gida mai ɗaki huɗu. Baƙi sun ɗauke ƙafa, domin kowa ya gaji da jin labari ɗaya. Masu wucewa sukan ji muryarsa a falo yana gardama, yana kawo hujja bayan hujja, alhali babu kowa a ciki sai shi.

Wata Lahadi da safe ya ji ƙararrawar coci. Kewa ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi wanka, ya yi guga, ya sa takalmi, ya fito har bakin titi. Sai ya fara tunani. A wane benci zan zauna? Wa zai fara gaishe ni? Da wane ido za su dube ni? Ya daɗe a tsaye, har ƙararrawar ta yi shiru. Ya koma ciki.

Ran Talata ya faɗi a tsakar gida. Ya yini a nan, ya kwana, ruwan sama ya sauka a kansa, ba ya iya motsi, ba ya iya kira. Wa zai ji shi? Duk masu jin motsinsa ya kore su da kansa. Sai washegari Malam Rabe ya lura ƙofa ba ta buɗe ba, ya kira mutane aka ɓalle ta.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi.

Wa kuke tsammani ya fara isowa? Hannatu. Matar da ya jefar wa akwati waje. Ta ɗaura zani ta wanke shi, ta canja masa shimfiɗa, tana ba shi kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki tana gogewa. Ta sunkuya ta ce, "Baban Ladidi, kada ka damu da ni. Na yafe maka tun a barandar nan. Kuma Ishaku ya bar maka saƙo. Ya ce in gaya wa Yaya bai riƙe shi da komai ba, har zancen ƙofar da ba a buɗe ba. Ya ce har yanzu dai yana roƙo."

Bakin Cif ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya fito wani gurnani ne kawai. Ya sake gwadawa. Hawaye suka gangaro har cikin kunnensa. Fasto ya zo, dattawan da ya yi wa fushi suka zo, suka kewaye gadon suka yi addu'a. Kwana tara yana ta fama da wata magana da ta ƙi fita. A rana ta goma ya cika.

Me yake so ya ce? Babu wanda ya sani. Ban ce muku ya hallaka ba, domin hukunci ba nawa ba ne, kuma jinƙan Allah ya fi tunaninmu faɗi. Abin da na sani shi ne, wata goma sha shida yana da lafiyayyen baki, wanda ya yi masa laifi yana raye yana roƙo, bai faɗa ba. Ranar da ya so faɗa, babu bakin, babu mai karɓa.

Ya 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida.

Shaiɗan bai iya kama mutumin nan da kwalba ba, bai iya kama shi da rago ba. Da gaskiyarsa ya kama shi. Wanda ya san shi mai zunubi ne, gafara ba ta yi masa nauyin bayarwa, domin kullum ita yake ci. Wanda yake ganin bai taɓa bukatarta ba, shi ne take gagara. Cif ya yi shekaru yana raba gurasar jibi ga mutane, bai taɓa gane cewa shi ma don zunubinsa aka karya ta ba.

Mu Kirista ba ma yafewa don laifin ƙarami ne. Ba ma yafewa don ciwon ya daina. Hannatu ta yafe hayaƙin kasko bai gama fita daga idonta ba. Muna yafewa ne domin an riga an yafe mana abin da ya fi haka. Mai Cetonmu yana kan gicciye, ƙusoshi a hannunsa, ya roƙa wa masu kashe shi gafara, alhali ko tuba ba su yi ba. Kai kuma naka ya zo da gwiwa biyu, kana cewa sai ka yi tunani?

In kuwa za ka bar mutum da Allah, to ka bar shi da gaske. Ka sa shi a hannun Allah kana roƙa masa jinƙai, yadda kake so a roƙa maka. In har kana jiran ka ji mugun labarinsa, ba ka bar shi da kowa ba, yana nan ɗaure a ƙirjinka, kai ne kake ɗauke da shi.

Na sani a cikin masu jina yau akwai wadda ta shekara ba ta gaisa da 'yar'uwarta ba. Akwai wanda in ya hango wani a wancan benci sai ya kau da kai. Tun da na fara magana wani suna yake yawo a zuciyarka, ka san shi. Kana da gaskiya? Mai yiwuwa kana da ita. To, sai me? Kada ka jira shi ya sake zuwa. Kada ka ce sai an kwana biyu. Yau kana da ƙafa, kana da baki, shi ma yana numfashi. In an tashi daga sujadar nan, kafin ka ci abincin rana, ka nemi ƙofarsa.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Uba, kai da ka yafe mana tun ba mu san mu roƙa ba, ka karya taurin zuciyarmu. Ka nuna mana namu laifin kafin mu ƙirga na wasu. Wanda aka cuta a cikinmu, ka warkar da shi, ka ba shi ƙarfin sakin wanda ya cuce shi. Wanda ya yi cuta, ka ba shi ƙarfin zuwa ya durƙusa. Kada ka bar ko ɗayanmu ya kai ranar da zai so yin magana ya kasa.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya kiyaye gidajenmu da ikilisiyarsa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.